Kofuna Huɗu a Ƙafar Gado

Gadon ɗumama jarirai muke ƙerawa, irin wanda ake kwantar da bakwaini a ciki har ya yi ƙwari. Babana ne ya fara sana'ar a wani shago mai ƙofa ɗaya, shi da abokinsa wanda kowa ke kira Baba Mai Walda. Da ya rasu, shekara huɗu ke nan, ya bar mini ma'aikata goma sha ɗaya, da rumfar kwano mai zafin tsiya, da kuma yayarsa, Gwaggo, wadda ta fi duk injinan wurin ƙara.

Gwaggo ta shekara talatin da biyu tana aikin nas a ɗakin jarirai kafin ta yi ritaya. Ba ta da muƙami a kamfaninmu, ko kujera ba ta da ita, amma babu gadon da ke fita sai ta zagaya shi sau biyu tana ƙwanƙwasa shi da zobenta. Kowa Injiniya yake ce mini, don na yi karatun kuma na sha wuyarsa. Ita kaɗai ke kirana Bakwaini, a gaban kowa kuwa, don wata bakwai na yi a ciki, kuma a hannunta na faɗo.

Gadonmu yana aiki, wannan babu mai musu. Amma muni kam, ba a magana. Ƙarfe ne mai nauyi da koren fenti, da akwatin batir a ƙasa saboda ɗaukewar wuta, da wata doguwar ƙugiya a sama ta rataya gidan sauro. Makunnin zafinsa ya kai murfin kwalba girma, wai don nas ta iya murɗa shi da jiƙaƙƙen hannu. Duk waɗannan ina iya haɗiye su. Abin da ya tsaya mini a wuya tun ina makaranta shi ne kofunan. A kowace ƙafa, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, akwai ɗan kofin ƙarfe da aka liƙa da walda ya zagaye ƙafar. Kowace safiya nas za ta zuba ruwan sabulu a ciki don kada kiyashi ya hau. Sai ka ga gadon kamar mai sanye da takalman aro. Na taɓa ce wa Babana mu cire su, ya dube ni, ya ci gaba da ɗaura waya.

Matsalar kayan da ba ya lalacewa ita ce wanda ya saya ba ya dawowa. Asibitocin da motarmu ke iya kaiwa duk sun samu. Aiki ya yi ta ja da baya har ya zama kafin azahar mun gama na ranar, ma'aikata su zauna suna goge abin da aka riga aka goge. Na rubuta sunayen mutum shida da zan sallama a ƙarshen shekara, na cusa takardar can ƙasan aljihun tebur. Na kuma san in shidan nan suka tafi, ragowar ma ba za su ga wata shekarar a nan ba. Sunan Baba Mai Walda ne na huɗu, kuma sau uku ina goge shi ina sake rubutawa.

Ana cikin haka ofishin da ke taimaka wa masu fitar da kaya waje ya kira ƙananan masana'antu taro. Wani jami'i mai santsin baki ya haska mana taswira a bango, yana nuna manya-manyan ƙasashe masu tasowa, inda jariran da ake haifa a rana guda sun fi mutanen unguwarmu yawa, kuma ana ta gina asibitoci ba kayan da za a zuba. Ya ce masu kayan lafiya su ne da riba, ƙofa a buɗe take. Sannan ya haska hotunan irin na'urorin da ake sayarwa a can: farare tas, sumul, da tayoyi da allon gilashi. Na tuna namu mai kofuna, sai da na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera. Duk da haka na rubuta sunan kamfaninmu a takardar da ke zagayawa.

Bayan wata biyu saƙo ya shigo. Wata likita ce daga ɗaya daga cikin ƙasashen nan, ita ke zaɓar kayan aiki na wata ƙungiya mai ƙananan asibitoci sama da ɗari biyu a karkara. Za ta zo ƙasarmu taro, tana da safiya guda, ranar wata Talata. Ta ce ta ga sunanmu a jerin ofishin, kuma wata nas da ta taɓa aiki a wajenmu ta ba ta labarin gadonmu. Da na tsaya na tambayi abin da nas ɗin ta gaya mata, da na hutar da kaina. Ban tambaya ba. Na riga na san abin da mutanen waje ke so, ai na ga hotuna.

Sati shida muka yi muna haɗa samfur na musamman. Na sa farin fenti, na sa tayoyi, na cire ƙugiya, na ɓoye batir a ciki, na maye gurbin makunni da allon taɓawa. Na kuma saka wata na'urar auna zafin jiki da na daɗe ina aiki a kanta, wadda har yau nake alfahari da ita. Da aka zo kan ƙafafu na kira Baba Mai Walda.

Ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ni. "'Yata, Gwaggonki ta san da wannan?"

"Baba, na waje ne wannan. Can ba a sa wa gado kofi."

"Kin je can ɗin?"

"Na ga hotuna."

"To, ai shi ke nan tunda kin ga hotuna."

Ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai cire ƙaya, ya zuba su a akwatin kayan aikinsa. Ban ji komai ba a lokacin sai daɗi. Gadon ya tsaya a kan tayoyinsa fes, ka rantse daga jirgi aka sauke shi.

Saura Gwaggo. Al'adar aikinmu ce duk Talata ta bi direba su zagaya asibitoci, su ɗauko gadon da ke buƙatar gyara, ta kuma ji ƙorafin nas-nas. Ana saura kwana biyu na je gidanta, na zauna na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce wannan Talatar ta zauna ta huta da gwiwarta.

Ta sauke tabarau ta dube ni ta samansa. "Tun yaushe gwiwata ta fara damunki, Bakwaini?"

"Baƙuwa za mu yi, Gwaggo. Hayaniya za ta yi yawa."

"Au, baƙuwa. Ni ce hayaniyar ke nan." Ta mayar da tabaranta. "Allah ya ba da sa'a."

Na fito ina jin nauyi, amma ban koma ba.

Ranar Talata tun da safe muka tura tsofaffin gadaje cikin sito muka rufe su da tampol. Aka share rumfa, aka wanke ƙasa, ma'aikata suka sa sababbin riguna masu tambarin kamfani, kowa ya tsaya ƙiƙam kamar za a ɗauki hoto. Ni kuma na tsaya gaban madubin banɗaki na ja ɗankwalina ya rufe kunnen hagu, kamar yadda na saba. Akwai wani tabo a nan, daga bayan kunne zuwa wuya, fatar ta tattare. Tun ina yarinya aka ce mini ƙyanda ce ta bar mini shi, kuma ban taɓa son a kalle shi ba.

Likitar ta iso ƙarfe tara daidai. 'Yar gajeruwa ce mai furfura, da takalmin roba da jakar goyo, ba kamar yadda na zana ta a raina ba. Na yi mata bayani da harshen da muka yi karatu da shi, wanda ita ma take ji. Na taɓa allo ya kawo haske, na tura gadon da ɗan yatsa ɗaya ya gangara. Ta saurara, ta yi tambaya biyu kan na'urar auna zafi, ta ce ta yi kyau. Sannan ta rufe littafinta.

"Injiniya, zan gaya miki gaskiya don kada in ɓata miki lokaci," in ji ta. "A shekarar nan na ga irin wannan guda goma sha ɗaya. Masu yin su suna fitar da dubu a wata, ba za ki iya kamo su ba. Kuma muna da su. Rabinsu na jingine a baranda." Ta ɗan duba rumfar. "Ina tsammanin wani kamfanin aka kwatanta mini. Ki yi haƙuri."

Ba a fi minti ashirin ba. Na hango Baba Mai Walda a tsaye cikin sabuwar rigarsa da ta yi masa yawa, yana murmushi don bai ji abin da aka ce ba, sai na tuna takardar da ke cikin aljihun tebur. Na raka ta bakin ƙofa ina ta godiyar da ban san me nake cewa ba.

A nan ne motarmu ta kunno kai, ta tsaya daidai ƙofar, ta toshe hanya. Direba na gaba, Gwaggo na gefensa. Ashe wani ƙaramin asibiti ya kira ta da asuba, gadonsu ɗaya tilo ya daina zafi, ga bakwaini a zanin uwarsa. Ta kai musu na aro wanda take ajiyewa a gidanta, ta ɗauko nasu. Ni kuwa na manta ban hana direba fita ba.

"Ku zo ku sauke, kun tsaya kuna kallona kamar sababbin 'yan sanda!" ta daka wa ma'aikata tsawa. "Kafin la'asar nake son shi."

Suka sauke shi a gaban baƙuwa. Gadon shekara goma sha biyar, fentin ya kokkoɗe, gidan sauro na reto a ƙugiya, kofunan duk busasshen sabulu. Na ce a raina yau kam an gama da ni. Na juya zan ba Likita haƙuri, sai na ga ba ta wurin. Ta durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, ta sa yatsa cikin kofi ɗaya tana shafawa.

"Wannan ne," ta ce. "Wannan aka gaya mini. Wa ya yi tunanin wannan?"

Gwaggo ta dube ni. "Me take cewa?"

"Wai wa ya ƙirƙiro kofunan."

Kafin ta amsa sai idonta ya faɗa kan farin samfurin da ke tsakiyar rumfa. Ta taka a hankali ta je ta zagaya shi, sau ɗaya kawai, ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta sunkuya ta dubi ƙafafun. Da ta ɗago, fuskarta ta canza, irin yadda ban taɓa gani ba.

"Ke kika sa aka yanke?"

"Gwaggo, na waje ne..."

"Fassara mata. Kalma-kalma, kada ki rage."

Na tsaya tsakaninsu. Gwaggo na faɗa, ina juyawa.

Ta ce shekara talatin da shida da suka wuce an haifi wata yarinya a ɗakin da take aiki, wata bakwai, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Na'urar asibitin guda ɗaya ce, kuma da jarirai biyu a ciki. Uwar na kwance ba ta san inda kanta yake ba. Uban mai gyaran firji ne, sai ya je ya haɗo akwati da ƙwan fitila huɗu, suka sa yarinyar a ciki. Na fassara wannan ba gargada, don na san labarin, da shi aka rene ni.

Ta ce kwana tara uban yana zaune gefen akwatin yana gadin zafi, in ya yi yawa ya kashe ƙwai ɗaya, in ya ragu ya kunna. A rana ta goma, da tsakar rana, an ba yarinyar nono da cokali, ɗan kaɗan ya zuba a wuyanta. Ita Gwaggo aka kira ta ɗakin haihuwa. Shi kuma barci ya sace shi a kan kujera, bai fi na minti ashirin ba. Yarinyar ba ta da ƙarfin kukan da zai tashe shi. Da ya farka, kiyashi ya yi layi daga ƙasa, ya bi ƙafar teburin da akwatin yake kai, ya rufe mata wuya da bayan kunnen hagu, baƙi ƙirin.

Na fara juyawa, na kai kan kunnen hagu, sai harshen ya ƙwace mini. Hannuna ya tafi kan ɗankwalina da kansa.

"Fatar bakwaini ba ta da kauri," in ji Gwaggo, yanzu ni take kallo. "Wurin ya zama gyambo, mun sha fama kafin ya warke. A ranar ya je ya yanko gwangwani huɗu ya zuba ruwa ya sa ƙafafun teburin a ciki. Ya roƙe ni in ce ƙyanda ce. Na riƙe masa shekara talatin da shida. Amma shi bai san za ki yanke su ba."

Babu wanda ya ƙarasa fassarar. Likita ta dubi Gwaggo, ta dubi hannuna a kan kunne, ta gane. Ta jira na share fuskata. Sannan ta ciro wayarta ta miƙo mana. Hoton wani ɗakin jarirai ne a ƙasarsu, da na'ura fara sumul irin ta hotunan taro, kowace taya an dasa ta cikin gwangwanin madara da aka yanke aka zuba ruwa. Ta ce da an ɗan taɓa na'urar sai tayar ta fice, ruwan ya zube. Ta ce bara sun rasa jariri ɗaya ta haka, kuma duk kamfanin da ta yi wa maganar sai su ce ta kira masu feshin ƙwari.

Gwaggo ta karɓi wayar ta kai ta kusa da hanci. "Ji wannan aiki. Gaya mata ko'ina kiyashi kiyashi ne."

Safiya guda Likita ta ce tana da ita, amma sai da ta kai la'asar. Ta sa aka yaye tampol, ta bi tsofaffin gadajen ɗaya-ɗaya, ita da Gwaggo suna magana da hannu, ni ina binsu a baya ina cike gurbi. Ba ta raga mana ba. Ta ce gadon ya yi nauyi, wayoyinsa ba za su wuce gwajin ƙasarsu ba, kuma ba mu da ko ɗaya daga takardun shaidar da hukumarsu ke nema. Ta ce in ɗauko na'urar auna zafin da ke cikin farin in sa a koren, sauran kuma in bar su yadda suke, har ƙugiyar. In mun samu takardu, za ta gwada goma. In goman sun yi shekara, sai a yi maganar sauran.

Da motarta ta tafi, na samu Gwaggo a sito tana zaune kan akwatin batir tana murza gwiwa. Ashe da gaske tana ciwon. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Me ya sa bai gaya mini ba?"

"Kunya. Ke a ina kike tsammanin kika samo taki?"

"Gwaggo, ki yafe mini. Na ce ki zauna a gida."

"Da na zauna da kin ga yadda ake zama." Ta sa hannu ta ture ɗankwalin, ta shafa tabon da babban yatsa, kamar mai duba aikin da ta yi tuntuni. "Ya warke da kyau. Ni na yi wankinsa, safe da yamma."

Na gode mata, da baki, sau ba adadi, har ta ce in tashi na ishe ta. Muna fitowa Baba Mai Walda ya tare ni, ya buɗe akwatinsa, ya zuba mini kofuna huɗu a hannu.

"Na ce bari in ajiye, ko hotunan za su canza," in ji shi.

A ranar na yaga takardar nan ta aljihun tebur, ban ma san ko za mu kai labari ba. Wata goma sha huɗu muka yi muna bin takardu, gwaji bayan gwaji, fom bayan fom, har na fara mafarkin hatimi. Shekarar ta yi mana tsanani, amma babu wanda ya tafi. Goman suka tafi, suka yi shekararsu. Yanzu mu ashirin da uku ne a rumfar, kuma Gwaggo ta samu kujera, ko da yake ba ta zama a kai.

Watan jiya Likita ta aiko da hoto. Koren gado ne a wani ɗaki mai nisan da ban taɓa zuwa ba, da ɗan mitsitsin jariri a ciki ya dunƙule hannu, wata nas ta sunkuya da buta tana zuba ruwa a kofi. Na kai wa Gwaggo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sun cika shi da yawa. Rubuta musu, rabi ake zubawa." Na rubuta.

Wanda nake so in gode wa ya riga ya tafi, kuma ya tafi yana ganin laifi ya yi mini. Da zan same shi minti ɗaya, da na gaya masa kwana tara na ƙirga masa, ban ƙirga minti ashirin ba. Abin da nake iyawa shi ne addu'a, ina kuwa yi.

Baƙi suna zuwa yanzu daga wurare daban-daban, kuma kusan kowa sai ya sunkuya ya tambayi amfanin kofunan. Na daina dogon bayani. Ɗankwalina nake turawa baya, in juya masa kunnena na hagu.